Wai RAM mai gudun 3200 yana ƙona laftof ɗin da aka yi wa 2400?

Sani: Assalamu alaikum. Laftof ɗina mai firosesa Core i5-8250U ce, da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB DDR4 mai gudun 2400, ramin na biyu kuma babu komai. Ina son ƙara wani 8GB, amma wanda na samu 3200 ne. Mai gyara ya ce kada in kuskura, wai ya fi ƙarfin injin, zai ƙona madabod, wato babban allon da kayan cikin injin ke kai. Haka ne?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan mai gyaran. Kamfani bai rubuta 2400 don wasa ba. Ka ba injin abin da aka auna masa, ka zauna lafiya.

Hauwa: Malam Bashir, wuta ce ke ƙona kaya, ba gudu ba. DDR4 na laftof, 2400 ne ko 3200, duk 1.2 volt yake sha. Lambar da ke jikinsa iyakar abin da zai iya ce, ba shi ke yanke gudun da za a yi ba. Firosesa ce ke yankewa, kuma Intel ta tsayar da 8250U a kan 2400. Da zarar an kunna, BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin, zai karanta 'yar guntuwar SPD da ke jikin kowane RAM, inda aka rubuta matakan gudunsa bisa ƙa'idar JEDEC (ƙungiyar da ke tsara ma'aunin RAM), ya zaɓi wanda kowa zai iya. Na 3200 ɗin zai sauko ya bi ɗan'uwansa.

Bashir: To ni da na taɓa sa wa tsohuwar laftof ɗina sabon RAM ta ƙi tashi fa? Allo baƙi ƙirin.

Hauwa: DDR4 ce?

Bashir: A'a, DDR3.

Hauwa: Can matsalar daban ce. DDR3 iri biyu ne da ke shiga rami ɗaya: mai 1.5 volt da DDR3L mai 1.35. Laftof da yawa na ƙarshen zamanin DDR3 ba sa karɓar sai mai L. Ina kyautata zaton wannan ka tarar. Tsakanin zuriya da zuriya kuwa ba ma ya shiga: DDR3 na laftof fil 204 gare shi, DDR4 260, DDR5 262, kuma tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba.

Usman: Ni ma ban yarda da maganar ƙonewa ba, amma ina ganin kowa ya sayi 3200 kawai. Lissafi a fili yake: 2400 na kwasar 19.2GB a daƙiƙa, 3200 na kwasar 25.6.

Hauwa: Wannan sai in firosesar ta yarda, Usman. A injin Sani 19.2 ɗin zai samu ko me ya saya. Mai firosesa irin i5-1135G7 ne zai ci moriyar 3200. Ko shi ma ba zai ji injin ya tashi sama ba, don jinkirin amsawa, wanda ake lissafawa daga lambar CL, kusan ɗaya ne: 2400 mai CL17 wajen nanosakan 14 ne, 3200 mai CL22 kuma 13.75.

Aminu: Akwai tarkon da ba ku ambata ba. Wani RAM ɗin 'yan gem an rubuta masa 3200, alhali sai an kunna XMP, wani saitin ƙara gudu, a BIOS yake kai haka, galibin laftof kuma ba su da wurin kunnawa. Sai ka sa shi a injin da ke iya 3200, ka tarar yana tafiya a 2400 ko 2666. In ma akwai wani RAM ɗin a ciki, sabon ya jawo shi ƙasa. Ku nemi wanda 3200 ɗinsa na JEDEC ne, yawanci CL22, a takardar jikinsa za ku ga PC4-3200AA.

Bashir: Duk da haka haɗa kamfani biyu, gudu biyu, ba ya kwanta mini a rai.

Aminu: Nan kam kana da 'yar gaskiya. Jefi-jefi ana samun biyun da ba sa jituwa, injin ya riƙa daskarewa ko ya mutu da kansa. Amma ba ƙonewa ba ce, cire sabon kawai za a yi. Shi ya sa ake gwadawa da MemTest86, manhajar gwada RAM, tun ranar farko.

Hauwa: Kuma ribar Sani ba a gudu take ba. 8GB ya koma 16GB, sannan rami biyu a cike na nufin hanya biyu ta kai bayani ta buɗe. Girafik ɗin 8250U ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin yake ara, don haka shi zai fara jin sauƙin.

Sani: Na gode. Amma yanzu na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan injin, yana nuna mini wajen 1200 MHz. Ko dai tun asali ba 2400 ba ne?

Hauwa: 2400 ne. DDR sau biyu yake aika bayani a kowane bugu, sai ka ninka. Duba Task Manager, ɓangaren Memory, za ka ga 2400. Kafin ka buɗe bayan injin ka cire caja, ka zare wayar batir.

Bashir: Ka sa ɗin, Sani. In ta yi mako ba ta daskare ba, ka dawo ka faɗa mana.