Neman haya a gefen Birnin Kebbi

Da aka tattauna inda mai iyali zai samu haya mai rangwame, yawancin waɗanda suka yi magana sun ce a haƙura da unguwar Gesse, a duba unguwannin Badariya, Bayan Kara ko Gwadangaji. Wasu sun kawo garin Kalgo, sai dai ɗaliban jami'ar tarayya da ke can ma ɗaki suke nema, ga kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi kullum.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a je ganin gida da damina. Shatin ruwa a jikin katanga ba ya ƙarya. Maƙwabta za a tambaya, ba dillali ba: nawa kurar ruwa, yaya wuta lokacin bazara? A tabbatar akwai islamiyyar da yara za su iya takawa, a kuma karɓi rasit kafin a kwaso kaya.