Ina son koyon hawan tudu da keke, amma uwargida ta fara kiran keken "amarya"

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na sayi keken tsere ɗan gwanjo, mai siririyar taya, bayan likita ya ce in rage tumbi. A Jos nake. In hanya a shimfiɗe take, ina cin kilomita 25 ban ji komai ba. Amma da na tunkari tudu, kafin rabi numfashi ya ƙare, cinyoyi su ɗau wuta, in sauka ina turawa kamar mai sayar da itace. Makon jiya wani yaro mai tallan rake ya dube ni ya ce, "Baba, a taya ka turawa?" Burina kafin damina in hau Hawan Kibo, dogon tudun nan na hanyar Jos zuwa Akwanga, ban sa ƙafa a ƙasa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Litinin zuwa Juma'a aiki ne, sai Asabar nake samu. Ina fita bayan asuba, in dawo sha biyu, in watsa ruwa in zube a kujera har la'asar. Asabar kuwa ita ce ranar cefane a Farin Gada da kai yara gidan kakarsu. Yanzu ko gaisuwar kirki ba na samu, sai dai "ya amarya ta kwana?" Ku ba ni shawara.

Ɗan Bukuru:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, kafin ka zargi ƙafarka, durƙusa ka ƙirga haƙoran giyarka. Tsofaffin kekunan tsere kan zo da ƙaramin faranti mai haƙori 39 a gaba, babban na baya 25. Wannan na ƙwararru ne. Nemi 34 a gaba da 32 a baya don feda ta yi sauƙin juyawa a tudu, sai dai mai gyara ya duba ko za a ƙara tsawon kaca ko a sauya abin da ke tura ta. Ka zauna a sirdi, ƙafa tana juyawa kamar sau 70 zuwa 80 a minti. In ba ka iya faɗin jimla guda sai ka tsaya shan iska, ka yi sauri da yawa, sassauta.

Doguwar fita sau ɗaya a mako kuma ba ita ke gina mai hawa ba. Nemi tudu kusa da gida wanda zai ci maka minti huɗu. Talata da Alhamis bayan asuba ka hau shi sau huɗu, kana gangarowa a hankali kana hutawa. Minti 45 ka gama, ka dawo yara ba su gama karin kumallo ba. Duk mako biyu ka ƙara hawa ɗaya. Asabar kada ta wuce awa biyu tukuna.

Zubewar da kake yi a kujera yunwa ce. Sa dabino ko ayaba a aljihu, ka ci tun ba ka ji yunwa ba, ka riƙa kurɓar ruwa.

Hawan Kibo kuwa, tireloli ne abin tsoro ba tudun ba. Kada ka je kai kaɗai, kada ka je ba hular kwano, kuma ka gwada birkinka biyu kafin gangara.

Maman Sadik:
Malam, bari in faɗa maka ta ɓangarenmu, don maigidana ma ya yi wannan. Awa ukun da yake waje ba su taɓa damuna ba. Abin haushin shi ne ya dawo gida amma kamar ba ya nan, yaro ya hau jikinsa ya ce "bar ni, na gaji." Da muka zauna, ya ce ƙarfe tara zai riƙa shigowa, kuma ya cika alkawari, da burodi a hannu. Lahadi da yamma shi ke riƙe wa Sadik sirdi a layinmu. Ka bari ita ta zaɓi lokacin dawowarka, za ka ga bambanci.

Mai Giya Goma:
Kana Jos kana kuka? Garin da ya haura mita 1,200 daga teku! Mu nan Kano sai gadar sama muke nema. 'Yan tseren keken Eritiriya ma tudun Asmara, babban birninsu, ne ya raine su, ga Biniam Girmay ya ɗauki koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a gasar tseren keke ta Faransa (Tour de France) ta 2024. Sai dai ka tanadi safar hannu, sanyin asubar Jos a Disamba ba ya wasa da yatsu.

Baban Hanifa:
Ɗan Bukuru, na ƙirga da tocilan: 39 da 25, kamar kana wurin. Gobe zan kai wa mai gyara. Maman Sadik, na gode. Na tambaye ta, ta ce takwas da rabi, kuma ni zan ɗauki buhun dankali.