"Kama da Wane ba Wane ba ne": kalmar "da" a Wales da Guangxi

Ɗalibin Harshe: Assalamu alaikum. Karin maganar yau ita ce "Kama da Wane ba Wane ba ne", kuma kalmar "da" ce ta tuna min da ita. A harshen Welsh na yankin Wales a Birtaniya, "da" na nufin mai kyau: gaisuwar safe "bore da", sallamar dare "nos da". A harshen Zhuang na Guangxi, kudancin Sin, "da" ido ne. Rubutu ɗaya, amma ba dangin iya ba na baba. Ta Welsh daga "dagos" ta fito, kalmar tsohon harshen Celtic, kakan Welsh. Ta Zhuang 'yar'uwar "ta" ce ta harshen Thai, wadda ita ma ido take nufi.

Yaya Babba: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, nan ba gurbinta ba ne. Mu mun taso ana faɗinta ga mai kwaikwayo, kamar yaron da ya naɗa rawani irin na malaminsa alhali bai sauke ba. Cikin kalmomin nan wa ya kwaikwayi wa?

Malamar Aji: Yaya, a gafarce ni, kin taƙaita ta. Jan kunne ce ga mai kallo, kada ido ya yanke masa hukunci. Kamannin kalmomin biyu ma a takarda kaɗai yake. A baƙaƙen boko na Zhuang, da aka tsara a 1957 aka gyara a 1982, harafin "d" ya fi kusa da "t" ɗinmu, kuma harafin ƙarshe ke nuna karin sauti: "da" ido, "dah" kogi. Kullum ina fama da ɗalibaina kan "da", "dā" da "ɗa".

Ɗalibin Harshe: Abin da ya fi taɓa ni, a Welsh ana kiran dabbobin kiwo "da byw". Mai kyau ya koma suna na shanu, kamar yadda makiyayi ke ce wa garkensa dukiya.

Yaya Babba: Wannan kam na karɓa, don a ma'ana aka haɗu, ba a harafi ba. Amma ina nan a kan bakana, sai da Wane na gaske ake samun mai kama da shi. Malama, a kawo min jimlar da dattijo ya faɗe ta ba a kan mutum ba.