Wane suna ya dace da BMS na batirin keken lantarki?

Masu gyaran keken lantarki da masu kishin harshe, ina neman shawararku game da ɗan allon nan da ke ɓoye a cikin batirin litiyam, wanda har yanzu muke kira da haruffan BMS (Battery Management System, wato tsarin kula da batir).

Kafin a raɗa masa suna, ya kamata a duba aikinsa. Batir mai volt 36 rukuni 10 ne na ƙwayoyi (ƙananan batura) da aka jera, kowane rukuni yana cika a volt 4.2, shi ya sa mita ke nuna 42 bayan an gama caji. Mai volt 48 kuwa rukuni 13 ne, yana cika a 54.6. Daga allon akwai siririyar waya zuwa kowane rukuni, kuma da zarar ɗaya ya sauka zuwa wajen volt 3 ko ƙasa da haka, ko ya wuce iyaka wajen caji, ko aka ja wutar da ta fi ƙarfinsa, sai allon ya katse batirin baki ɗaya. Sau da yawa abin da ke faruwa ke nan idan keke ya mutu a tsakiyar hawan tudu alhali da sauran caji, sannan ya tashi bayan an kashe an sake kunnawa.

Wasu na ce masa fis, amma fis sau ɗaya yake ƙonewa a jefar. Sunan "mai yanke wuta" ma ban yarda da shi ba, domin yana sa a ɗauka shi ne matsalar, har wani mai gyara ya tsallake shi da waya don keke ya tashi, kuma batirin litiyam da aka raba da wannan kariya yana iya kamawa da wuta a kan caja cikin ɗakin da mutane ke kwana.

Ni abin da na ga ya fi dacewa shi ne "makiyayin batir", saboda yana lura da kowane rukuni ɗaya bayan ɗaya, yana rage wa wanda ya riga cika don na baya su iske shi, kuma yana tsayar da tafiya saboda guda ɗaya da ya gaza. Idan mai gyara ya ce wa mai keke, "Malam, makiyayin ne ya tsayar da wutar," tambayar da za ta biyo baya ita ce wane rukuni ne ya yi rauni, sai a ɗauko mita a auna su duka.

Ina so in ji abin da masu gyara a Kano da Maraɗi ke kiransa a bakin aiki.