Tambaya Kan Dajin Rairayi Na Fulorida

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Yarona ya dawo daga makaranta da aikin gida kan wani daji mai gajerun itatuwa da ke kan farin rairayi a jihar Fulorida ta Amurka, wanda aka ce yana dab da ƙarewa. Me ya jawo haka?

Malama daga Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dajin yana kan tsofaffin tuddan yashi ne, inda ruwan sama ke tsotsewa nan take, kuma gonakin lemu da gine-gine sun cinye mafi yawansa. Akwai wani tsuntsu mai shuɗin gashi da babu irinsa ko'ina sai can, wanda aka sa cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a 1987.

Baban Mile 12: Malama ta yi gaskiya, sai dai hana gobara ma ya yi masa illa, domin in shekaru suka ja wuta ba ta ci ba, itatuwa sukan yi tsawo su rufe filayen yashin da tsuntsun yake binne 'ya'yan itatuwa a ciki.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai. Abin ya taɓa ni, don da idona na ga ciyayin bakin teku a Lekki sun koma bulo.