Yaya zan auna bolt da amfiyan moto ba tare da na ƙona na'ura ba?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana lantarki. Kwana huɗu ke nan ina fama, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ina da moto na DC mai bolt 24, yana jan amfiya 8. Ina so in riƙa ɗaukar karatunsa cikin kwamfuta da na'urar awo ta NI USB-6009, wadda ƙafafunta ba sa auna sama da bolt 10. Sai na rage wutar da resisto biyu, 30k da 10k, 24 ta koma 6. Nan lafiya lau.

Amfiya ce matsalar. Shant ɗina (ƙaramin resisto na auna amfiya) milibolt 75 yake bayarwa a amfiya 50, wato milibolt 12 kacal nake samu a amfiya 8, kuma da PWM (kunnawa da kashe wuta da sauri don daidaita gudun moto) ya fara aiki sai karatun ya hau rawa. Abin da ya fi ba ni tsoro, idan direba (na'urar da ke sarrafa moton) ya juya moton baya, wayar da na ɗauka giraun ce (mai bolt sifili) sai ta koma bolt 24. Tuni na zare komai, don kwamfutar ma aro ce.

To, a ina ya dace in sa shant ɗin? Ko ACS712, ɗan cif ɗin auna amfiya, zai wadatar, tunda yana raba wutar moto da ta awo? Don Allah wanda ya taɓa haɗawa ya taimaka.