Wane suna za mu raɗa wa wayar da ke kai wa motar kwana wuta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, na Garwa da Marwa da Kusiri, har da na tsallaken ruwa a Njamena. Kalma nake nema, kuma aiki ne ya tura ni nemanta.

Kawuna maganin dabbobi yake sayarwa, yana bin kasuwanni: Pitowa ranar Lahadi, Adumri wajen masu shanu, wani lokaci har Gidar. Bara ya sayi tsohuwar mota irin ta Turawa masu yawon buɗe ido, wadda ake kwana a cikinta, da gado da ɗan madafi da firij. Masu Faransanci na ce mata camping-car, mu a gida motar kwana muke cewa. Ƙirar shekarun 1980 ce a kan gindin Peugeot J5. Firij ɗin ne ya ja ran Kawu, domin allurar rigakafin shanu ba ta jure zafi, kuma duk wanda ya yi Maris da Afrilu a Garwa ya san rana na haura digiri 40.

A haƙarƙarin motar akwai wata 'yar taga, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. In ka ɗaga murfin za ka ga haƙora uku. Nan ake cusa kan wata doguwar waya mai kauri, ɗaya kan kuma a kai shi gidan da aka sauka ko shagon da aka roƙi wuta. Ita ce ke kunna firij da fanka, tana kuma cika batir cikin dare. To, ita ce ta mutu. Na riƙe ta da hannuna. Robar ta bushe ta daddare kamar ƙasan tafki a bazara, in ka lanƙwasa ta sai baƙin gari ya zubo maka a tafi, jan ƙarfen na leƙowa. Wuri uku an naɗe ta da salatif wanda ya riga ya saki. Kan da ke shiga motar ya narke ta gefe guda, har yanzu yana warin ƙonanniyar roba.

Wani dattijo mai gyaran wuta a unguwar Yelwa ya haɗa mana sabuwa. Sai Kawu ya ce da ni, "Ɗana, rubuta wa direba da yaron mota yadda za su riƙa yi da ita, da Hausa, mu manna a jikin ƙofa." Na ɗauki biro, layin farko ya tsayar da ni. Me zan kira ta?

Masu Ingilishi suna kiran wutar da shore power, wato wutar gaɓa. Daga bakin matuƙan jiragen ruwa maganar ta fito. Jirgi in yana tsakiyar teku da injinsa yake samar wa kansa wuta, in ya iso tasha aka ɗaure shi sai a kashe injin a jawo masa wuta daga tudu. Faransawa ma a harkar jirgi prise de quai suke cewa, wato majonar bakin tasha. Da motocin kwana suka yawaita a Amurka sai aka ari kalmar jirgi aka yafa wa mota, ko da kuwa motar ba ta taɓa ganin ruwa ba.

Na fara da tambayar masu aikin. Dattijon nan kabul yake cewa kawai, yaransa kuma ralonj. Ralonj ɗin nan ce na fi jin tsoro. A bakin mutanenmu ralonj ita ce siririyar wayar nan da ake saya a kasuwa a jona talabijin da cazar waya. Ranar da ka gaya wa yaron mota "ɗauko ralonj", duk wadda hannunsa ya kai gare ta zai ɗauko. Kuma haka aka yi kafin mu je wurin dattijon: yaron ya ari ta maƙwabta, aka kunna firij da butar dafa shayi, ba a daɗe ba wayar ta yi laushi, ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta. Allah ne ya tsare.

Ga dalili. Motocin kwana na Turai an tsara majonarsu a kan amfiya 16. A wutarmu ta volt 220, hakan ya kai wat 3,520. Butar lantarki ita kaɗai kan ci wajen wat 2,000. Wayar da za ta ɗauki wannan kaya sai mai jijiya uku, kowace jijiya kaurin murabba'in milimita 2.5, da rigar roba mai jure rana da taka, irin wadda ake buga wa H07RN-F a jiki, tsawonta kuma kar ya wuce mita 25. Kanta shuɗi ne, kuma shuɗin ba ado ba ne: a ƙa'idar waɗannan kawuna shuɗi na nufin volt 200 zuwa 250, rawaya na wajen 110, ja kuma na wajen 400. Abu mai ƙa'ida irin wannan bai kamata ya raba suna da wayar caza ba.

Saboda haka sunan da nake nema sai ya yi aiki biyu. Ya bambanta wannan wutar da ta batir da ta sola da ta janareta, domin duk huɗun na iya haɗuwa a mota ɗaya. Ya kuma sa wanda ya ji shi ya san waya ce ta musamman, ba a musanya ta. Ina sauraronku.

*

Alhamdu lillahi, kwana biyu ke nan kuma kun cika ni da alheri. Bari in bi abin da aka kawo.

Wani malamin makaranta daga Kusiri ya ce a bar ta a wutar gaɓa, fassara kai tsaye, kuma hujjarsa ta sa na yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce Hausa ma ta saba ɗebo kalma daga ruwa ta kai tudu. Jirgi asalinsa na ruwa ne, muka yi jirgin ƙasa da jirgin sama. Tuƙi ma na kwalekwale ne, yau ga shi kowa na tuƙa mota. Gaskiya ne, Malam, ba ni da ja a kan wannan. Mu 'yan Garwa ma ba baƙin ruwa ba ne, muna da tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, inda a da jirage kan hauro daga Najeriya da damina su ɗebi auduga da gyaɗa. Wutar da muke sha ma daga ruwan take fitowa, daga madatsar Lagdo da aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Amma ka duba, Malam: jirgi da tuƙi sun yi ƙaura ne domin aikin ya bi su. Jirgin sama na ɗaukar mutane kamar na ruwa, matuƙin mota na sarrafa ta kamar mai kwalekwale. Gaɓa fa? Motar da ta tsaya a Gidar ba ta da gaɓar da za ta jingina. Ga shi gaɓa a Hausa tana nufin gaɓar jiki ma. Na gwada wa direban Kawu, na ce "wutar gaɓa", sai ya tambaye ni ko ciwon sanyi nake nufi. Wutar tudu ma da wata baiwar Allah ta kawo, matsalarsu ɗaya: tudu sai da ruwa yake da ma'ana, mota kuwa kullum a tudu take.

Da yawa sun ce wutar Sonel, tunda har yau haka tsofaffinmu ke kiran wutar gari, kamar yadda 'yan Najeriya ke cewa wutar Nepa. Wannan ba zai tsallaka iyaka ba, mutumin Njamena ba haka yake faɗa ba. Kuma in janaretan mai masauki aka jona, sunan ya zama ƙarya.

Sai wani dattijo daga Marwa, wanda ya ce kakansa fatauci ya yi da jakuna, ya rubuto layi ɗaya tak: "Ɗana, ina kuka bar zango?"

Baba, Allah Ya ƙara girma. Tun da na karanta ban sake neman wata ba.

Ku duba yadda ta zauna. Bature ya kalli motar kwana ya ga jirgi, domin shi tafiyarsa mai nisa a ruwa ya yi ta. Mu tamu a ƙasa muka yi ta. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina, madugu a gaba, su yi watanni a hanyar Gwanja neman goro, wasu su gangaro Adamawa. Inda rana ta faɗi musu su sauke kaya, su ɗaure dabbobi, su sami ruwa da abinci daga mutanen wurin, nan ne zango. Har yau unguwannin baƙi a Kumasi da sauran garuruwan Gana zango ake ce musu. Abin da gaɓa take wa jirgi shi ne daidai abin da zango yake wa ayari: wurin da matafiyi ya daina cin guzurinsa ya ci na masauki. Batir da sola guzuri ne, su ka taho da su. Wutar da ka samu inda ka sauka, ta gari ce ko ta janaretan mai gida, ita ce wutar zango. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Na faɗa wa direban nan sau ɗaya, ya ce, "Wato wadda muke jonawa in mun yada zango," ya ci gaba da wanke gilashi.

Saura ita kanta wayar, kuma a nan aka fi ja. Wayar zango ta fi sauƙi a baki, sai dai waya yanzu ta hannu ce take fara zuwa wa mutum a rai. Wani ɗan'uwa makiyayi ya kawo talala, igiyar nan mai tsawo da ake ɗaure dabba ta yi kiwo iya inda ta kai. Hoton ya yi kyau ƙwarai, domin mota in an jona ta ba ta wuce tsawon wayarta. Amma ɗaurin talala ya riga ya zama maganar tsare mutum, ba na son kalmar ta zo da wannan inuwar. Abin da na tsinta daga maganarsa shi ne turke. A wuraren saukar motocin kwana a Turai akwai ɗan ginshiƙi mai majona a gefen kowace mota, kuma Kawu ma ya sa an kafa irinsa a ƙofar gida. Turken wuta ke nan, ba gardama.

Na karkata ga igiya. Wata Hajiya ta yi gargaɗi mai nauyi, ta ce in aka kira ta igiya yaro zai ɗauke ta ya ɗaure akuya ko ya shanya kaya. Hajiya, na karɓa. Shi ya sa a rubuce zan sa cikakken sunan, igiyar wutar zango, kalmar wuta na tsaye a tsakiya tana tsawatarwa. A baki kuwa na san za ta gajarce ta koma igiyar zango, kuma ba laifi.

Wani ɗan'uwa daga Njamena ya ce tasu motar ƙirar Amurka ce, ya tambaya ko sunan ya shafe ta. Sunan ya shafe ta, igiyar ce ba ɗaya ba. Ta Amurka mai haƙora uku volt 120 take sha a kan amfiya 30, wato wat 3,600, jijiyarta kuma ta fi ta Turai kauri, ta ɗara murabba'in milimita 5. In ka yanke kanta ka sa irin namu ka jona a 220, cazar batir da firij da na'urar sanyaya ɗaki duk za su ƙone. Sauya igiya ba ya sauya abin da cikin motar ke iya sha, sai an sa taransifoma. Launin jijiyoyin ma ka kula: a igiyar Turai ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi na dawowa, kore da rawaya na ƙasa. A ta Amurka baƙi ne mai wuta, fari na dawowa, kore na ƙasa. Ka sa a gwada da mita kafin a ɗaure kowane kusa.

Wani abu da na gani a shagon dattijon Yelwa, ba na so ya wuce ku. Kafin ya yarda da wayar da muka sayo, ya fere bakinta, ya zaro silin ƙarfe ɗaya, ya kankare shi da wuƙa ya ɗaga wa haske. Ya ce in cikin ya fito fari, alminiyon ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, a mayar. Tamu ta fito ja har ciki. Ya kuma nuna mini dalilin da ya sa haƙoran suke jikin motar, kan igiyar da ke shiga nan kuma mace ne mai ramuka: don kar a taɓa samun haƙori tsirara mai wuta a hannun mutum. Ya ce duk wanda ya haɗa maka igiya mai kai namiji gaba da baya, kar ka karɓa ko kyauta ce.

Ga abin da na rubuta a takardar, an manna ta jiya da yamma:

In an yada zango, a warware igiyar wutar zango gaba ɗaya, kar a bar ta a naɗe, domin naɗaɗɗiya zafi take tarawa. A fara cusa ta a mota, sannan a turke. In za a tashi, a fara zare ta daga turke. Ba a aron wata a madadinta. Direba ya zagaya motar ya ga igiyar a akwatinta kafin ya murza makulli.

Abu ɗaya ya rage ban samu ba: 'yar tagar nan ta haƙarƙarin mota mai haƙora uku. Wani ya ce cibiya, tunda ta nan motar ke sha. Wani ya ce mashaya. A takardar na bar gurbinta da fensir. Baba na Marwa, ko akwai abin da fatake ke cewa da ya dace da ita?